Tsayuwar Yaya a Zauren Babanmu

A ƙungiyarmu ta tsofaffin hafsoshin soja ko shayi ba a zubawa sai bisa muƙami. Kanar ne farko, sai masu bi masa, sai manjo-manjo, kafin filas ya iso kan irina kyaftin shayin ya koma ruwan ɗumi. Duk mun ajiye kaki, wasunmu ma haƙoransu sun fara bin kakin, amma zo ka ga jerin kujeru ranar taro. Babu mai nuna wa wani wurin zama. Kowa ya shigo ƙafarsa ce take kai shi.

Ba zan ɓoye ba, ina son ƙungiyar nan. Wanda bai yi ritaya ba ba zai gane irin shirun da yake sauko wa mutum ba. Jiya in ka yi gyaran murya samari sun miƙe, yau kana zaune a ƙofar gida mai adaidaita yana daka maka tsawa ka janye ƙafa. Shi ya sa mu 'yan cikin gari da muka yi aikin soja muka haɗa kanmu. Muna zama Asabar ɗin farkon wata bayan la'asar, gida-gida, wannan wata a gidan wane, mai zuwa a gidan wane. Dubiya tare muke zuwa, ta'aziyya ma haka, ranar tantance 'yan fansho kuwa mota ɗaya muke cikawa mu je mu yi ta mita a layi. Akwai kuma tattakin safiyar Lahadi da likitan cikinmu ya ƙirƙiro saboda hawan jini, wanda a gaskiya iyakarsa wurin wata mai ƙosai a Gwammaja. A cikinsu ne kawai ake ce min Kyaftin ba da zolaya ba.

Doka ɗaya ce ba a taɓa ta. Ƙungiyar ta hafsoshi ce, waɗanda suka ɗaura anini a kafaɗa. Sauran sojoji, daga mai igiya ɗaya har samanja, suna da tasu ƙungiyar, kuma ba a cakuɗa mu. Haka muka taras a bariki, inda hafsa da na ƙasa da shi ba sa cin abinci a ɗaki ɗaya, haka muka kwaso abin muka taho da shi gida.

To yayana samanja ne.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne babba ni ne auta, kuma tsakaninmu akwai nisa sosai. Babanmu ya rasu ban fi a aike ni sayen daddawa ba. Yaya ya bar koyon ɗinki ya shiga soja don mu ci, shi ya riƙe ni har na gama karatu, shi kuma ya zo da labarin ana ɗaukar masu digiri a hafsa, ya ce in je ko ina so ko ba na so. Na je. Na fito da anini a kafaɗa, ina jin kaina kamar ni na gina barikin. Ana nan sai aka yi mana canjin wurin aiki muka faɗa bariki ɗaya. Wata safiya na fito daga ofis, sai ga Yaya tafe. Ya tsaya cak, ya buga ƙafa, ya sara min. Wallahi ban san lokacin da na rama ba, na dai san na wuce ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da yamma na same shi a kwatas ɗinsa na durƙusa zan fara ba da haƙuri. Ya ce, “Kai Auta, tashi ka ba ni wuri. Ba kai na sara wa ba, abin da ke kafaɗarka na sara wa. A bariki ka zama hafsa sosai, kada ka ba ni kunya. Amma duk ranar da muka shiga Ƙofar Nassarawa, kai ne yaron nan da na goya.”

Haka muka zauna har muka tsufa. Soja yana waje, gida yana ciki, ganuwa ta raba su. Ya yi ritaya ya dawo gidanmu na gado a Soron Ɗinki ya zama maigida, ya gaji buzun babanmu a zaure, can ƙurya inda ake hango duk mai shiga da fita. Ni ma da nawa lokacin ya yi na dawo na gyara sashen da ke bayan rijiya. A unguwa ba wanda yake ce masa Samanja. Baba ake ce masa. Shi yake raba rigimar maƙwabta, shi yake karɓar auren yaran gidan, in an yi rasuwa a layinmu shi ake fara bugawa ƙofa. Ciwon suga ya taɓa masa ƙafar hagu, tana kumbura in ya daɗe a tsaye, amma wannan bai rage masa kwarjini ko kaɗan ba.

Don haka duk lokacin da zagayen taro ya kusa zuwa kaina sai in ƙirƙiro uzuri. Na ce lungunmu mota ba ta shiga. Na ce ana gyaran kwata. Na ce muna da mai jego. Sakatarenmu, wani manjo mai son tsari kamar ya yi me, ya gaji ya ce min a gaban kowa, “Kyaftin, wata mai zuwa gidanka za mu zo, ko a kan katanga za mu zauna.” Aka yi dariya. Na san wasu suna zaton gidan nake jin kunya, don na ƙasa ne kuma awakin matan gidan ba su san baƙo ba. Ba gidan ba ne. Tsoron da nake yi shi ne soja ya shigo zauren nan ya tarar da Yaya.

Na yi abin da nake ganin dabara ce. Na tafi gidan shugabanmu, kanar ne, mutum mai sauƙin kai in ba a kan kujerar taro yake ba. Na faɗa masa komai. Ya ce, “Haba Kyaftin, ai maigida maigida ne. A sa masa kujera kusa da ni. Baƙinsa ne mu.” Na fito raina fes.

Da na gaya wa Yaya kuwa, na zata zai ce shi zai tafi masallaci ya bar mana wurin. Ina! Murna ya kama yi. Ya sa aka shafe zauren da farar ƙasa, ya sa matarsa ta yi waina da zoɓo, ya je aka yi masa aski aka gyara masa gashin baki, abin da ya daɗe bai damu da shi ba. Da safiyar ranar na gan shi yana goge takalmin fatarsa na zuwa Juma'a, yana tofa masa yawu yana murzawa da tsumma yadda ake yi a bariki. Gabana ya ɗan faɗi, amma na ce wa kaina ai tsafta ce.

Ana idar da la'asar na fita bakin titi don in nuna wa baƙi inda za su ajiye motoci. Kafin in dawo sakatare ya riga ya iso da kujerun roba a kura, ya kuma yi abin da ya saba yi a kowane gida. Ya duba zauren, ya ga inda ya fi fuskantar ƙofa, ya ce nan ne wurin shugaba. Na shigo na tarar da buzun babanmu a naɗe an jingine shi bayan ƙyaure kamar tsintsiya, teburi da kujerar Kanar suna inda yake. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi magana, sai Yaya ya riga ni. Ya ce, “Daidai ne, nan ne wurin babba.” Na haɗiye maganata. Aƙalla kujerarsa tana nan kusa da ta Kanar kamar yadda aka yi alkawari.

Baƙi suka fara shigowa. Yaya yana bakin ƙofa cikin babbar riga yana yi musu maraba, hannu biyu-biyu, kamar kowane maigida. Kanar ya iso ya riƙe hannunsa ya ce, “Baba, mun same ku lafiya? Mun zo mun cika muku gida.” Na ji sanyi a raina. Na ce ashe banza na yi ta wahalar da kaina.

Sai wani laftanar kanar ya shigo, dogo mai sanƙo, wanda bai daɗe da shiga ƙungiyar ba. Ya miƙa hannu, sai ya tsaya yana kallon Yaya. Ya ja da baya ya ce, “Kai! Samanja? Wallahi shi ne! Jama'a, wannan shi ya koya mana fareti muna ɗalibai. Ya taɓa sa ni tsallen kwaɗo a rana har na yi amai!”

Zauren ya ɗauki dariya. Ni kuwa ba dariyar nake kallo ba, ƙafafun Yaya nake kallo. A gabana diddigensa suka haɗe, kafaɗunsa suka buɗe, haɓarsa ta ɗaga, hannuwansa suka sauka suka manne a jikin babbar rigar. Ya ƙame. Na rantse ba shawara ya yi ba, jikin ne ya yi abinsa. Ya ce, “Yallaɓai. Na gane ka. Ƙafar hagu ce matsalarka.” Aka sake fashewa da dariya, har da masu tafi.

Kowa ya nemi kujerarsa. Kanar ya nuna ta kusa da shi ya ce, “Baba, bismillah, ga wuri.”

Yaya ya ce, “A'a yallaɓai, nan ma ya yi.”

Duk ɗan cikin gari ya san wannan a'a ɗin. Ba ƙi ba ne, jira ne a sake cewa. Sai an ce sau biyu, sau uku, an kama hannun mutum an zaunar da shi. Kanar ma ɗan gari ne, ya san haka sarai, da a gidan biki ne da ya yi. Amma ya riga ya hau kujerar shugaba, kunnensa ya koma na bariki. Ya ji samanja ya ce zai tsaya, sai abin ya burge shi. Ya juya ya ce wa sauran, “Kun ga tsohon soja ke nan. Irinsu sun ƙare.” Ya buga teburi aka buɗe taro da addu'a. Can wani manjo ya shigo a makare, ya ga kujera ba kowa, ya yi zamansa.

Yaya ya koma gefen ƙofa, ya buɗe ƙafa kaɗan, ya mai da hannuwa baya, ya kafa ido a bango. Abin da ya fi ba ni haushi, har yau in na tuna sai na ji zafi, shi ne babu wanda ya ga wani abu. Ba mugunta ba ce. Mutanen nan duk rayuwarsu in suna zaune akwai samanja a tsaye a bakin ƙofa, idonsu ya saba da shi kamar yadda ya saba da labule. Suna ta cin wainar matarsa suna yabon yajin.

Kuma ranar ce Allah ya kawo mu kan rigimar da ta fi kowace tsawo. A ta'aziyyar da muka je makon da ya wuce, wai wani laftanar kanar ya riga ɗan'uwansa laftanar kanar shiga zauren masu makoki, alhali shi wancan yana ganin ya girme shi a aiki. Kwas ɗaya suka yi, rana ɗaya aka ɗaura musu anini, amma ɗaya ya ce an riga kiran sunansa. Tsofaffi biyu masu jikoki, kowa jijiyar wuya a tsaye. Sakatare yana rubutawa kamar ana shari'ar gado. Ni ina can ƙarshen layi kusa da ƙofa, ba abin da nake ji sai numfashin Yaya a bayana.

Zaure kuma ba ofis ba ne, hanya ce. Duk mai shiga gidan ta nan zai bi. Yaran gida suka dawo daga Islamiyya, suka shigo da gudu, suka ga kakansu a tsaye kamar mai gadi, suka yi tsit suka raɓa suka wuce. Wani maƙwabcinmu tela ya leƙo zai yi wa Baba magana, ya kalli wurin buzu ya ga baƙo a kan kujera, ya waiga ya ga Baban a bakin ƙofa, sai ya ce a yi haƙuri ya juya. Na san kafin magariba labarin ya zaga layin.

Sai ga surukin Yaya, mijin babbar 'yarsa, malamin makaranta ne mai kunya, ya zo gaisuwar da ya saba yi duk Asabar. Ya cire takalmi tun daga waje, ya shigo a sunkuye, ya nufi ƙurya, ya yi turus. Da ya gano inda surukin nasa yake, sai ya dawo ya durƙusa a gabansa. Ga mutum a durƙushe yana gaida gwiwoyi, ga wanda ake gaisarwa a tsaye yana kallon bango yana amsawa ta gefen baki, “Lafiya. Lafiya lau. Madalla.” Yaron ya rasa yadda zai yi. Ba zai shige ciki ba, ba zai zauna a kujera surukinsa na tsaye ba, ba zai miƙe su yi kafaɗa da kafaɗa ba. Sai ya rakuɓe a ƙasa daga bakin ƙofar ya sunkuyar da kai. Ni da nake hakimce a kan kujera na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Wata jikar gidan ta zo ta raɗa min wai ana kirana a ciki. Na lallaɓa na shiga soro na biyu, na tarar da matar Yaya a tsaye da lulluɓi. Ni da ita wasa muke yi tun tana amarya, ba ta taɓa ganina ba ta tsokane ni ba. Ranar babu wasa a fuskarta.

Ta ce, “Auta, me nake ji? Wai malam a tsaye yake tun ɗazu?”

Na ce, “An ba shi kujera, shi ya ƙi.”

“Shi ya ƙi. Kai kuma kana zaune kana kallo. Ka san ƙafar nan kuwa? Jiya da ƙyar ya sa takalmi. In ya faɗi a gaban mutanen nan, a gaban mijin 'yarsa, wallahi ba zai ƙara zama a zauren nan ba, na san halinsa. Ka je ka zaunar da shi, ko ni in fito in kwashe kwanukana kowa ya kama gabansa.”

Na san za ta iya. Na koma na tsaya kusa da shi na yi ƙasa da murya na ce, “Yaya, don Allah ka zauna. Ga kujerata.”

Ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, “Ta hafsa ce.”

Na ce, “To bari in shimfiɗa maka buzu.”

Ya ce, “Ana taro.”

Na ce, “Yaya, gidanka ne fa.”

Ya ci gaba da kallon bango. Sai na ce to ni ma bari in tsaya, in ya so mu zama biyu, ko wani zai lura. Aka kuwa lura, amma da ni. Kanar ya ɗago ya ce, “Kyaftin, lafiya? Zauna mana, kana raba mana hankali.” Na zauna. Ban san na zauna ba sai da na ji robar a jikina. Ashe ciwon da ke jikin Yaya ni ma ina da shi.

Na ɗaga hannu. A taronmu ƙarami ba ya magana sai manya sun gama, kuma manyan ba su da niyyar gamawa. Sakatare ya yi min alama da biro wai in jira a zo kan sauran batutuwa. Na san mai karatu zai ce me ya hana ka miƙe ka ce jama'a, yayana ba shi da lafiya, a ba shi wuri? Ni ma na tambayi kaina. Amma da na faɗi haka a gabansa, na mai da shi abin tausayi ke nan a gaban mutanen da ya taɓa sa su tsallen kwaɗo, kuma ba zai yafe min ba. In kuma na raɗa wa Kanar ya umarce shi, to baƙo ne zai ba maigida oda a zauren ubansa. Na juya abin ta kowace fuska, ko'ina ƙaya.

Na waiga. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ƙafar hagun tana rawa, rigar ma tana rawa tare da ita. Na ga hannunsa ya fito daga baya ya nufi bango zai dafa, sai ya fasa ya mayar. Leɓensa ya bushe ya yi fari. Na taɓa ganin sojoji da yawa suna faɗuwa a filin fareti, na san yadda ido yake yi kafin mutum ya tafi. Idon Yaya ya fara yin haka.

Na san abu ɗaya ne zai zaunar da shi. Roƙo na ƙane ba zai shiga kunnensa ba, don a lokacin ba yayana ne a tsaye ba. Na miƙe, na ture kujerar gefe, na juya na fuskance shi. Muryar da na yi shekaru ban yi amfani da ita ba ta fito da kanta, tun daga ciki, har ta amsa a rufin zauren.

“Samanja!”

Diddigensa suka haɗe, ya amsa irin amsar bariki. “Sa!”

“Zauna!”

“Sa!”

Ya tako, ya juya, ya zauna a bakin kujerata, baya a miƙe, hannu bisa gwiwa.

Sai mai sanƙon nan ya fashe da dariya ya ce, “Kai, Kyaftin, ashe da sauran murya!” Sauran suka bi shi, ana tafi, ana buga ƙafa. Sun ɗauka wasa ne muka shirya musu, irin na wa da ƙane. Ni dai ina tsaye ina kallon surukin Yaya. Ya ƙara sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, sannan ya ja jiki a hankali ya fita ya ɗauki takalminsa a hannu. Daga bayan ƙofar ciki na ji motsin lulluɓi, na san ta ji komai. Na kwashe shekaru ina ba mutane oda, wasu sun haife ni, ban taɓa jin ɗacinta a bakina ba sai ranar.

Kanar ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dubi Yaya, ya dubi ƙafar da ta cika takalmin har ta yi tudu a samansa, ya dubi buzun da ke bayan ƙyaure. Ya ce a ɗage sauran magana sai wata mai zuwa, a shafa fatiha. Da na raka shi mota ya riƙe hannuna ya ce, “Kyaftin, wallahi ban lura ba.” Na ce na sani, yallaɓai. Gaskiya ya faɗa, kuma da ƙarya ce da ta fi min sauƙi, da na sami wanda zan ji haushi.

Na dawo na tarar an kwashe kujeru. Ni da kaina na ɗauko buzun na kaɗe na shimfiɗa a wurinsa. Yaya ya yi magariba a zaune, abin da ban taɓa gani ba. Bayan an idar na durƙusa a gabansa zan ba da haƙuri. Shi ne ma ya riga ni magana, kuma da fara'arsa. Ya ce taro ya yi kyau, Kanar mutumin kirki ne, wainar ma ta isa kowa. Ya ce mai sanƙon nan har yanzu ƙafar hagunsa ba ta daidaita ba, ya lura da shi yana fita.

Sannan ya ce, “Odarka ta fita daidai. Da ka yi ta sanyi-sanyi a gaban manya, da ka ba ni kunya.”

Na ce, “Yaya, ka yafe min.”

Ya ce, “Me ka yi?”

Aka kawo tuwo. Matarsa ce ta kawo da kanta, ta dire kwanon, ba ta kalle ni ba ta koma. Ni da Yaya kwano ɗaya muke ci tun ina yaro, kuma shi yake fara sa hannu, ya gutsuri loma, ya turo min nama gabana, sannan in fara. Ko da na yi furfura bai daina turo min naman ba. Muka wanke hannu. Na jira. Shi ma ya ɗora hannu bisa gwiwa ya zauna.

Na ce, “Bismillah, Yaya.”

Ya ce, “Bismillah.” Bai motsa ba.

Na ɗago na dube shi ko zan ga alamar zolaya, ko ta fushi, ko wani abu da zan iya ba da haƙuri a kansa. Babu. Jira kawai yake yi, cikin natsuwa, kuma na tabbata shi kansa bai san yana yi ba. Miyar ta fara yin yana a sama. Na san bai ci komai ba tun rana, ga maganin suga da zai sha.

Na sa hannu na gutsura. Sai shi ma ya sa nasa.